Neman kalma: me za mu kira farantin da ke tsakanin salansa da robar babur mai ƙafa huɗu?

Malamin Sana'a (Daura)

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman agaji, lokaci kuma ya ƙure mini. Ranar Litinin zan fara darasi da yara masu koyon gyaran babur a kan babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake shiga gona da fadama da shi. Takardar darasin da Turanci ta zo, ni kuwa yarana yawancinsu makarantar allo suka yi, suna karanta Hausar boko, Turanci kam sai a hankali. Shi ya sa na zauna ina mayar da ita Hausa, kuma dole in kai wa mai buga takardu gobe Lahadi da yamma.

Inda na tsaya shi ne babin da ke bayanin yadda zafin salansa ke lalata robar jikin babur. Akwai abin da suka kira "heat shield". Wani faranti ne na ƙarfe mara kauri, a lanƙwashe, da ake ɗaurewa da noti tsakanin salansa da roba, a bar fili ta kowane gefe. Yana da 'yan'uwa biyu: wata takarda mai walƙiya da ake mannawa a jikin roba ta ciki, da wani ƙyalle mai kauri da ake naɗe wuyan salansa da shi. Na rubuta "garkuwar zafi" na wucin gadi, amma hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Ɗalibin Poli

Wa alaikumus salam. Malam ai garkuwar zafi ta yi. Kowa ya ji ya san wani abu ake karewa.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Malam mu dai a gareji kaba muke cewa, wato "cover" ta Turanci. Kabar salansa. Ko wane yaro ka aika zai ɗauko maka.

Malamin Sana'a (Daura)

Oga, kabar nan ita nake gudu. A kunnen yaro kaba ado ce. In ta fara ƙara, ko notinta ya ƙi kwancewa, sai ya ɓalle ta ya jefa cikin buhun gwangwan, ya ce wa mai babur ba ta da wani aiki. Yanzu haka akwai wani da aka kawo mana don darasi, an cire masa ita. Robar da ke gefen kujera, daidai inda wuyan salansa ya bi, ta fara da dusashewa, jan ya koma fari-fari. Daga nan ta kumbura ta yi ƙuraje, sai ta saki ta zubo ƙasa, har ta ɗiga a kan bututun ta bushe baƙi ƙirin. In ka taɓa bakin ramin sai ya farfashe a hannunka. Wayar da ta bi ta bayan robar ita ma rigarta ta ƙandare. Ina son sunan da in yaro ya ji, zai san cire abin ɓarna ce.

Malamar Hausa (Katsina)

Malam, hankalinka da bai kwanta ba yana da dalili. A Hausa, in aka jingina garkuwa da wani abu, to abin da ake karewa ke nan. Garkuwar jiki jiki take karewa. Garkuwan gari, mai riƙe da sarautar, gari yake karewa. To garkuwar zafi fa? Sai ya zama zafin ake lallaɓawa kar wani abu ya same shi. In garkuwa za ka yi amfani da ita, sai dai garkuwar roba, ita kuma wani zai ɗauka garkuwa ce da aka yi da roba.

Mai Walda (Mai'adua)

Ni ban san nahawu ba, amma don Allah Malam a bar kalmar garkuwa. A jihar nan yau in ka furta ta, ba yaƙi ko doki mutum ke tunawa ba. Cikin yaranka ba ka san wanda aka taɓa ɗaukar masa ɗan'uwa ba. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Ɗalibin Poli

Amin. Wannan gaskiya ne, na janye tawa.

Malamar Hausa (Katsina)

Amin ya Allah. Ga tawa: makarin zafi. Makari ana jingina shi ne da abin da ake tsoro, kamar makarin guba, makarin dafi. Ginin kalmar ya yi daidai da abin da Malam ke so, kuma ba baƙuwa ba ce ga kowa.

Tsohon Mai Fassara

Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta daga farko, kuma abin da ya fi damuna ba farantin ba ne. Kuna ta wahalar neman kalma ɗaya, alhali jimlar gaba ɗaya aro ce. Salansa, roba, noti, kaba, gareji. Mene ne na Hausa a ciki? Mu da muka yi aikin fassara a rediyo ba a yarda mu karanta labari haka. Da muka ga abu na tashi sama ɗauke da mutane, magabata ba su ari sunansa ba, suka ce jirgin sama, ya zauna har gobe. Salansa a ce bututun hayaƙi. Shi ƙarfen faranti kuma kar in ji an rubuta alminiyam, muna da goran ruwa, muna da sanholo.

Abin da kuke nema kuwa yana nan a gidanmu: lifidi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Ƙofar Soro ta Katsina ya ga 'yan lifida. Riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki don kada kibiya ta same shi. Babur dokin zamani ne. Lifidin babur. Na gama magana.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Baba ranka ya daɗe, in na aiki yaro kasuwa na ce ya sayo bututun hayaƙi, wallahi wajen masu kayan gini zai nufa. Salansa ta riga ta zama tamu. Ko kakata ta san salansa.

Tsohon Mai Fassara

Don ba a koya masa ba ne, ɗana. Malam ga shi da aji a hannu, shi ne mai damar gyarawa.

Ɗalibin Poli

Baba Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa zan ɗan sa baki ta fuskar aikin abin, don sunan ya bi aikin. Lifidi da kaurinsa yake aiki. Farantin nan kuwa ba shi da kauri, kuma ba kauri ake nema a wurinsa ba.

Robar jikin waɗannan babura yawanci iri biyu ce. Ɗaya tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyos, ɗayar a wajen 160 zuwa 165, kuma tun kafin a kai nan sun yi laushi sun fara lanƙwashewa. Wuyan salansa kusa da injin kuwa yakan wuce digiri 500 in ana aiki da ƙarfi. To ba sai bututun ya taɓa roba ba. Ka tsaya kusa da tukubar mai tsire, fuskarka na jin hucin garwashi ba tare da ka taɓa wuta ba, wani ya gifta tsakani sai ka ji sauƙi nan take. Wannan hucin ne ke dafa roba. Alminiyam mai sheƙi yana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan huci inda ya fito, shi kuma ba ya narkewa sai a digiri 660. Sauran aikin iskar da ke ratsawa ta filin da aka bari ce ke yi, tana kwashe zafin da farantin ya ɗauka. In ka manna farantin da bututu, ko ya jingina da roba, ya tashi daga mai karewa ya koma mai isar da zafi.

Don haka ni a ganina makarin huci ya fi makarin zafi dacewa.

Malamin Sana'a (Daura)

Allah ya yi maka albarka. Wannan bayanin na filin da ake bari shi ne zuciyar babin. Zan ɗauki kalmar huci in yi bayani da ita ko da ba ta shiga sunan ba.

Mai Walda (Mai'adua)

Yaron nan ya faɗi gaskiya. In an kawo mini wanda nasa ya ɓata, ina yanka sabo, in lanƙwasa shi a kan bututu mai faɗi, in jera washa uku ko huɗu a ƙarƙashin kowane noti don ya ɗaga. Awona yatsa ne: in yatsa ya shige tsakanin faranti da roba, ya yi. Kuma ba na shafa masa fenti a gefen da ke kallon salansa. Mutane na so a fesa baƙi don kyau, baƙi kuwa shan zafi yake. Ko laka ta bushe a kansa ta rage masa aiki, sai an wanke.

Malamar Hausa (Katsina)

Huci kalma ce mai kyau, amma tana da kishiyoyi da yawa. Maciji na huci, mai fushi na huci, injin da ya sha tafiya ma a ce yana huci. Makarin huci a takarda, ba tare da malami a gaba ba, zai sa a tsaya tunani. Zafi kowa ya san shi.

Malamin Gona (Dutsi)

Hajiya Malama, ni ma ina da ja a kan kalmarki. A ƙauye in ka ce makarin zafi, mata za su ɗauka jiƙo ne. Ai zafi ciwo ne a wurinmu, kullum ana tallar maganin zafi a kasuwa. Sannan makari yana da ƙanshin asiri.

Ni ne mai hawa irin babur ɗin, don haka bari in ƙara wa Malam abin da zai faɗa wa yara. Babur mai ƙafa biyu gudu yake a titi, iska na dukan salansarsa a fili. Wannan kuwa a hankali yake tafiya, cikin yashi, da buhun taki a baya, salansa kuma a lulluɓe ƙarƙashin roba. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Sai kuma mu tsaya gaisawa da manomi mu bar injin a kunne. Duk ɓarnar a nan take faruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba roba ba ce, busasshiyar ciyawa da karmami ne da ke cushewa tsakanin farantin da bututu bayan kaka. Wuta suke kamawa. Duk yamma sai an zaƙulo su da sanda bayan injin ya huce.

Malamar Hausa (Katsina)

Sai a cika shi: makarin zafin salansa. Babu mai zuwa kasuwa neman jiƙon salansa.

Tsohon Mai Fassara

Kun ga abin da nake faɗa. Kalma uku, kuma ta ukun aro. Lifidi kalma ɗaya ce tak, mai tarihi, mai daraja. Kun ƙi ta ne don ba daga jami'a ta fito ba. Yau da wani farfesa a Kano ne ya rubuta lifidin babur, da kowa ya ce madalla.

Ɗan Kusugu

Baba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kullum sai an ce mu jira Kano. Daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan Kananci, mun yarda, mun bi a makaranta. Amma Daura ce tushen Hausa, kuma Malam a Daura zai koyar. Me ya sa abin da dattijonmu ya ƙirƙira ba zai shiga takarda ba?

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Baba ai Bakatsine ne, lifidin ma na Ƙofar Soro ya kawo misali. Yaushe ya zama na Daura?

Ɗan Kusugu

Daura ba ta da 'yan lifida ne? Ka zo hawan salla ka gani. Kafin a san Katsina an san Daura.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Ba mu ƙi ba, uwa uwa ce. Amma karatu fa a Katsina aka san shi, tun zamanin Gobarau, har Kwalejin Katsina da aka buɗe 1922. In maganar kalma ce a bar mana.

Malamar Hausa (Katsina)

Don Allah ku tsaya. Ba wanda ya ambaci Kano sai ku. Cibiyar nazarin harsuna da ke Jami'ar Bayero ta yi aiki mai yawa a kan kalmomi, kuma cikin masu aikin akwai Katsinawa da Daurawa da Sakkwatawa da Zazzagawa. Ba ta hana kowa ƙirƙira ba. Kalma ba ta zama don an buga mata hatimi, sai in masu sana'a sun ɗauka. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kyakkyawar ƙirƙira ce, ana jin ta a rediyo, amma a kasuwa kwamfuta ake cewa. Baba ya fi ni sanin wannan.

Kuma Baba, Allah ya ba ka haƙuri, lifidi ma ba a nan aka haife ta ba, daga Larabci ta shigo. Ta daɗe ne har ta zama 'yar gida. Salansa ma hanyar da take bi ke nan.

Tsohon Mai Fassara

Aron Larabci daban, 'yata. Wannan da addini da karatu ya zo, ba da bakin bindiga ba.

Malamin Sana'a (Daura)

Jama'a, la'asar ta yi, ni kuma ban rubuta layi ɗaya ba tun azahar. A ajiye maganar gari, dukkanmu gida ɗaya ne.

Baba, ban raina lifidi ba. Na ma lura ta fi dacewa da abu na uku, ƙyallen da ake naɗawa. Shi ne mai kauri, shi ne ke lulluɓe jiki. Oga, kana aiki da shi?

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Ina yi, amma ba na so. Mu bandeji muke ce masa. Da zaren gilas ake saƙa shi, in ka taɓa da hannu tsirara ka kwana kana susa, sai da safar hannu. Ana jiƙa shi da ruwa kafin a naɗa don ya kama, a fara daga wajen injin, kowane zagaye ya hau kan na baya, a ɗaure bakin da waya ko zoben ƙarfe mara tsatsa. In an ta da injin zai yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci, ba komai ba ne. Yana rage zafin da ke fita, gaskiya ne. Amma a damina yana riƙe ruwa da laka a jikin bututu, sai tsatsa ta ci shi ta ciki ba ka gani, wata rana ka ji ya huje. In mai ya zuba a kansa kuma ya tsotse, ka ɗauko wa kanka gobara. Kuma Malam ka gargaɗe su kar su naɗa tsohon zaren asbestos da ake cirowa daga tsofaffin injina, ƙurarsa cutar huhu take sawa.

Abin da ya fi duka, ka faɗa musu su nemi dalilin zafin kafin su fara manne-manne. In ka ga wuyan salansa ya yi ja da dare, ba faranti ne matsalar ba. Iska ce ta fi fetur yawa a cikin injin. Ko jet ɗin kafireto, wato ɗan ramin da fetur ke bi, ya toshe, ko robar da ta haɗa kafireto da injin ta tsage tana shan iska, ko samari sun fasa cikin salansa don ta yi ƙara ba a sake saita mai ba. Ka cire fulogi, in ka gan shi fari fat to shi ne. Wani lokaci kuma gasket, wato abin da ke toshe mahaɗar salansa da injin, shi ne ya ƙone, hayaƙi na fesowa kai tsaye kan roba, za ka ga baƙin tabo a wurin. Ko robar da ke riƙe salansa ta mutu, ta karkata ta jingina. Wanda ya manna takarda a kan irin wannan ya ɓoye ciwo ne kawai.

Ɗalibin Poli

Ita takardar mai walƙiya fa? Ba wanda ya ba ta suna. Gefe mai sheƙi shi ke kallon salansa, kuma sai an wanke robar tas ta bushe, babu maiƙo, in ba haka ba kwana kaɗan ta ɓare ta faɗa kan bututu. A jikin roba ake manna ta, ba a jikin salansa ba, gam ɗinta ba zai jure ba. Ni zan ce takardar makari.

Mai Walda (Mai'adua)

Takarda ai ci da wuta take. Yaro zai yi mamaki. Mu sitika muke cewa.

Malamin Gona (Dutsi)

Sitika kuma ta koma ado, mun dawo gidan jiya.

Tsohon Mai Fassara

Bandeji, sitika, jet, gasket. Inna lillahi. Malam, in ka ba ƙyallen sunan lifidi na ji daɗi rabi. Amma fa ba don shi na kawo ta ba.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura

Baba ni zan gwada faɗa wa yarana lifidi in ga ko za ta kama. Ban yi alkawari ba. Mai shago a kasuwa bandeji ya sani.

Malamin Sana'a (Daura)

To ga abin da zan kai wa mai bugawa, Allah ya sa mu dace.

Farantin: makarin zafin salansa a karon farko, tare da cewa a gareji ana kiransa kaba, daga nan makari kawai. Zan sa layi da manyan baƙaƙe cewa makari ba ya aiki sai da fili tsakaninsa da roba, kuma ba a jefar da shi.

Ƙyallen: lifidin salansa, kuma zan rubuta cewa masu shago bandeji suke cewa, don kar yaro ya je kasuwa ya rasa bakin magana.

Takarda mai walƙiya ban sami wadda ta gamsar da ni ba. Zan rubuta makari na mannawa, in riƙe ta a hannu in nuna musu a aji. Wanda ya sami wadda ta fi ya turo, zan gyara a bugu na gaba.

Salansa tana nan a salansarta, Baba ka yi haƙuri. Goran ruwa kuwa na ɗauka, zan rubuta shi gefen alminiyam, don na tabbata cikin yaran akwai waɗanda iyayensu haka suke cewa.

Malamar Hausa (Katsina)

Ya yi. Sai dai ka rubuta makarin da i, kar mai bugawa ya mayar maka da shi makaran, ya koma maganar makara. Ka duba da idonka kafin ya buga da yawa.

Ɗan Kusugu

Tunda lifidi ta shiga, kuma a Daura za a fara karanta ta, ba ni da sauran magana.

Tsohon Mai Fassara

Ban yarda da salansa ba, kuma ba zan yarda ba. Makari kuwa Hausa ce, ba zan ce ba Hausa ba ce, ko da yake ni ba ita zan zaɓa ba. Malam ka turo mini babin daren nan in duba maka sauran jimlolin, don na san akwai wasu aron da kuka bari a ciki.

Malamin Sana'a (Daura)

Zan turo bayan isha'i in sha Allahu, Baba. Shafi huɗu ne. Amma ka bar mini kafireto da fulogi yadda suke.